Makaranci Kafin Marubuci: Nazarin Abubakar Imam a Matsayin Mawallafin Adabin Yara

1.0 Gabatarwa

Masana da manazarta adabin Hausa sun daɗe suna tattauna ayyukan marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911-1981), kuma an rubuta kundayen digiri masu yawa a kan Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce a jami'o'in ƙasar nan da na ƙetare. Sai dai mafi yawan waɗannan nazarce-nazarce sun kalle shi ne a matsayin ɗaya daga cikin magabatan ƙagaggen labari, ko editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko, ko kuma ɗan gwagwarmayar wayar da kan jama'ar Arewa. Ba kasafai ake tsayawa a kan gaskiyar cewa babban littafinsa an rubuta shi ne domin 'yan makaranta ba, wato yara waɗanda suka koyi haɗa baƙi da wasali a boko amma ba su da abin da za su karanta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi Imam ta wannan fuska. Za ta yi ƙoƙarin nuna abubuwa uku. Na farko, cewa yawan karance-karancen Imam shi ne ginshiƙin rubutunsa. Na biyu, cewa zubi da tsarin Magana Jari Ce hanya ce ta tarbiyyar makaranci mataki bayan mataki. Na uku, cewa littafin yana da raunin da ya kamata a faɗa a fili, domin girmama marubuci bai hana a auna aikinsa. Daga ƙarshe za a dubi halin da adabin yara na Hausa ya shiga bayansa.

2.0 Matsayin Karatun Nishaɗi Kafin Imam

Kafin zuwan Turawa, yaro Bahaushe yana da adabinsa, amma na baka ne. Yana jin tatsuniya da dare a bakin kaka ko goggo, yana yin kacici-kacici da karin magana, yana rera waƙoƙin wasannin dandali. Yana kuma da karatunsa a makarantar allo, wanda manufarsa ibada ce da neman sani. Abin da babu shi ne haɗuwar waɗannan biyu, wato yaro ya ɗauki takarda ya karanta don jin daɗi kawai. A idon malaman wancan zamani, alƙalami ya fi ƙarfin a ɓata shi wajen rubuta abin da bai faru ba, tatsuniya kuwa aikin mata da yara ce.

Wannan ita ce matsalar da Dokta Rupert East ya tarar a Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, kamar yadda ya bayyana a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936. Littattafan farko da hukumar ta fitar, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Dare Dubu da Ɗaya, fassara ce. Gasar da aka shirya a 1933 ita ce ta haifar da littattafai biyar da aka sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Buƙatar makarantun elementare da na midil ce ta tilasta wannan yunƙuri, saboda haka ana iya cewa ƙagaggen labarin Hausa na boko a cikin aji aka haife shi.

3.0 Imam a Matsayin Makaranci

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, a gidan malanta da alƙalanci, inda ya fara karatun Alƙur'ani da Larabci. Yayansa shi ne Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki. Ya yi karatun boko a Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, sannan ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ke nan tun yana saurayi ƙofofin karatu uku ne a buɗe gare shi: Larabci daga gida, Ingilishi daga kwaleji, da Hausar zaure da ta fada wadda ya tashi yana ji.

Alamar wannan ta fito tun a littafinsa na farko, wanda ya rubuta yana da shekara 22. A cikin tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tsara, aka buga a 1989, an nuna tasirin Maƙamatul Hariri a kan Ruwan Bagaja. Duk wanda ya san yadda Harisu da Abu Zaidi suke haɗuwa a gari bayan gari, kowane karo da sabuwar dabara, zai gane inda aka samo ƙirar karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Wasu manazarta kuma sun danganta jigon neman ruwan magani da wani labari na 'yan'uwan nan Jamusawa biyu, wato Grimm.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya na tsawon wata shida. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, ya zaɓa, ya rubuta. Sakamakon wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Abin lura a nan shi ne tsarin aikin kansa: karatu ne ya zo da fari, rubutu ya biyo baya. Haka kuma sauran ayyukansa suka ci gaba da fuskantar mai koyo, kamar Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka rubuta tare da East don bayyana wa ɗalibai halittu da al'amuran kimiyya, da Tafiya Mabuɗin Ilmi wanda ya ba da labarin ziyararsa Ingila a 1943. Ko shekara 12 da ya yi yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, aikinsa bai wuce samar wa sababbin makaranta abin karantawa ba.

4.0 Magana Jari Ce

4.1 Zubi da Tsari

Uwar labarin littafi na ɗaya ba ɓoyayya ba ce ga masu karanta wannan mujalla. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma ya ƙulla makircin da zai halaka yaron da zarar ya fita daga fada. Aku ne ya riƙe Musa dare bayan dare da labarai har asuba ta yi, har Sarki ya komo.

Wannan ƙira ta aku mai tsare mutum da labari tsohuwa ce. Tana cikin wani littafin Indiya mai suna Shuka Saptati, wato hikayoyi 70 na aku, wanda Nakhshabi ya sake zubawa cikin Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tuti Nama. A can matar wani falke ce akun yake tsarewa don kada ta fita wurin kwartonta. A cikin Tuti Nama akwai wani tsuntsu na biyu da ya yi wa matar wa'azi kai tsaye, ta kashe shi nan take, akun kuwa ya ɗauki darasi ya bi ta hanyar labari. Imam ya ɗauki ƙirar ya sauya mata zuciya. Ya cire matar aure da sha'awarta, ya sa yaro da ɗokinsa na ƙuruciya. Da wannan sauyi guda littafin manya ya koma littafin yara, domin ɗan makarantar da ke karantawa zai ga kansa a jikin Musa: yana son fita, labari yana riƙe shi. Idan Shaharzadu ta Dare Dubu da Ɗaya tana ba da labari don ta tsirar da ranta ne, Akun Imam yana bayarwa ne don ya tsirar da ran mai sauraro, kuma wannan shi ne matsayin malami.

A littafi na biyu an koma gasa tsakanin Aku, wanda yanzu ya zama Waziri, da wani aku mai suna Haziƙ. A nan makaranci ya daina zama mai saurare kawai, ya zama alƙali, domin dole ya auna labarin wannan da na wancan ya ga wanne ya fi. A littafi na uku kuwa Aku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar ba da labari, yana yi masa gyara. Sunayen kansu, Haziƙ da Fasih, daga Larabci suke, kuma suna nuni ga hazaƙa da fasaha, abubuwa biyu da mai magana yake buƙata.

Idan aka jera littattafan uku za a ga matakai uku: saurare, da tantancewa, da ƙirƙira. Waɗannan su ne matakan da kowane makaranci yake bi kafin ya zama marubuci, kuma su ne Imam kansa ya bi. A ra'ayin wannan maƙala, Aku hoton mawallafin ne. Tsuntsu ne da aka sani da maimaita abin da ya ji, amma a hannun Imam ya zama mai sarrafa abin da ya ji gwargwadon halin mai sauraro da buƙatar lokaci. Ba shi da ƙarfi, ba shi da asali a fada, an saye shi ne da kuɗi, amma abin da ya tara a ka ya kai shi ga sarautar Waziri. Saƙon da wannan yake isarwa ga ɗan talakan da aka kai makarantar boko a shekarun 1930 a bayyane yake.

4.2 Aro da Hausantarwa

Batun inda Imam ya samo labaransa ya jawo muhawara, musamman bayan binciken masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu, waɗanda suka bi sawun labarai da dama zuwa Alfu Laila wa Laila da Grimm da Andersen da wasunsu. Wannan bincike ya yi amfani ƙwarai, domin ya kawar da zaton cewa duk abin da ke cikin littafin daga taskar gargajiya ya fito. Amma gano asalin labari rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a ga abin da marubucin ya yi da shi.

A ɗauki labarin kyanwa da ɓera. A wurin Grimm, kyanwa tana fakewa da zuwa bikin baftisma ne don ta je ta lashe kitsen da suka ajiye tare. A wurin Imam uzurin ya koma zuwa suna, abin da kowane yaro Bahaushe ya san ba a hana mutum zuwansa. Labarin Sarkin Busa kuma ya samo asali daga almarar mai sarewa na garin Hamelin a Jamus, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa. Imam ya ba shi sarautar sana'a irin ta ƙasar Hausa, nan take baƙon ya zama ɗan gida, darasin cika alkawari kuma ya zauna daram.

Misali mafi ban sha'awa shi ne Kalala da Kalalatu. A labarin Grimm, wadda ta cinye kaji biyun kuku ce a gidan ubangidanta, ta tsorata baƙo da cewa za a yanke masa kunne, ta kuma gaya wa maigida cewa baƙon ya gudu da kajin. Da yake kuku mace mai aikin albashi ba sananniyar aba ba ce a gidan Bahaushe na lokacin, sai Imam ya mai da su miji da mata. Labarin ya zauna, dariyar ma ta ƙaru, amma ma'anarsa ta gusa, kamar yadda za a gani a gaba.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa Imam bai yi fassara ba, kuma bai yi kwafi ba. Ya yi abin da mai ba da tatsuniya yake yi tun fil azal, wato ya ji labari a wani wuri ya sake faɗinsa da bakin mutanensa. Bambancinsa da kakarsa shi ne, shi a littafi ya ji nasa.

4.3 Salo

Abubuwa uku ne suka sa salon Imam ya kama yara. Na ɗaya, saurin tafiyar labari. Jumlolinsa jerin aikatau ne masu bin juna, ba ya tsayawa dogon siffanta wuri ko yanayi, sai abu ya faru, wani ya biyo. Na biyu, zance tsakanin taurari, wanda ya sa littafin ya dace da karantawa a bayyane a cikin aji, ya kuma sauƙaƙa mai da shi wasan kwaikwayo a talabijin daga baya. Na uku, karin magana, wadda sau da yawa ita ce kan labari, labarin kuma ya zama sharhinta. Yaron da ya gama labarin ya sami abu biyu, ya ji daɗi, ya kuma mallaki karin maganar tare da sanin inda ake jefa ta. Bugu da ƙari, wa'azinsa yakan zo ne a naɗe cikin raha, ta yadda mai karatu zai yi dariyar wawa ko marowaci kafin ya ankara cewa da shi ake.

5.0 Inda Aka Sami Rauni

Duk da haka, akwai wuraren da littafin ya gaza idan aka auna shi da ma'aunin adabin yara. Na farko shi ne matsayin mata. Mai sauraro a uwar labari namiji ne, magajin fasahar Aku ma namiji ne, alhali a gargajiyance mata ne masu riƙe da tatsuniya. Ke nan da labari ya tashi daga baka ya koma takarda, sai ya fita daga ɗakin tsohuwa ya koma zaure da fada. A nan ne sauyin da aka yi wa Kalala da Kalalatu yake da muhimmanci. A asalinsa dabarar bara ce a kan ubangida, amma da aka Hausantar da shi sai ya shiga sahun labaran makircin mata. Yarinyar da ke karanta littafin ba ta cika samun wadda za ta yi koyi da ita ba.

Na biyu shi ne yadda ake yi wa baƙauye da bare dariya. Wannan barkwanci sananne ne a al'ada, kuma yana da ƙa'idojinsa tsakanin taubasai da abokan wasa, amma idan ya shiga littafin makaranta da ake karantawa a aji mai ɗauke da 'ya'yan ƙabilu daban-daban, nauyinsa yakan sauya.

Na uku shi ne rashin daidaita harshe da shekarun mai karatu. Hausar Magana Jari Ce ta manya ce, cike da kalmomin fada da na yaƙi da aron Larabci, wasu labaran kuma, musamman waɗanda aka ɗauko daga Alfu Laila, jigonsu ya fi dacewa da baligai. Wannan ba laifin Imam ba ne shi kaɗai, domin ɗaliban midil na zamaninsa da yawansu samari ne. Amma ya nuna cewa littafin bai taɓa cike gurbin ɗan shekara bakwai ko takwas ba, wanda ya gama Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu yana neman labari na farko da zai karanta da kansa.

6.0 Bayan Imam

Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA daga 1953 zuwa 1959, da kamfanin NNPC daga 1966, duk sun fitar da littattafan da yara suka amfana da su, alal misali Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A farkon shekarun 1970 marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, inda ya bi hanyar da ta saɓa da ta Imam, wato ya tattaro na gida ya adana. Amma gasannin rubutu na 1978 da 1982 sun karkata ga manya, haka kuma adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ya fuskanci matasa da matan aure. An sami marubuta da yawa da makaranta da yawa, amma yaro ɗan firamare ya zama maraya a tsakani.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida na firamare, sannan a watan Nuwamba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar soke shi da komawa ga Ingilishi. Kowane ɓangare mutum ya goyi baya a wannan muhawara, abu ɗaya a fili yake: harshen da ba shi da littattafan da yaro zai karanta don marmari ba zai iya kare kujerarsa a aji ba. A gidajen Hausawa da dama a unguwanni irin su Maitama a Abuja, iyayen da suka tashi da Aku da Musa suna saya wa 'ya'yansu labaran Grimm da Andersen cikin Ingilishi. Yaran suna shan ruwa daga rijiyar da Imam ya ɗiba, amma ba da gugarsa ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Abubakar Imam makaranci ne kafin ya zama marubuci, kuma Magana Jari Ce, tun daga ƙirarsa har zuwa tauraronsa, littafi ne da ke koya wa yaro yadda ake zama makaranci. Ta kuma nuna cewa aron da ya yi shi ne tushen ƙarfinsa, ko da yake Hausantarwar ta zo da nata tabo ta fuskar mata da bare da matakin harshe.

Saboda haka ana ba da shawarwari uku. Na farko, sassan koyar da Hausa su mai da adabin yara darasi mai zaman kansa, musamman da yake sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, mai hedikwata a Maitama, ta fitar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Na biyu, masu haƙƙin littafin su duba yiwuwar fitar da zaɓaɓɓun labaransa cikin sauƙaƙan matakai da hotuna domin ƙananan azuzuwa, ba tare da an taɓa asalin ba. Na uku, masu sha'awar rubuta wa yara su ɗauki hanyar Imam maimakon kwaikwayon jumlolinsa, wato su karanta adabin duniya da na gida da yawa, sannan su zauna su rubuta wa yaron da ke gabansu, mace da namiji, na birni da na ƙauye. Wata shida da tarin littattafai aka ba wani malamin makaranta ɗan shekara 25 a Zariya a 1936, kuma har yau ana cin moriyar abin da ya fito daga wannan zama.